Rigar da Hannun Ammu Bakur Ya Rufe

Wata Alhamis ce bayan la'asar, a shekarar da ruwa ya yi ambaliya har ya shiga Harami, na fara ganin matar nan. Ban fi shekara tara ba. An rufe tagogin babban ɗakin Sitti Aziza da barguna, ɗaki ya yi duhu alhali rana na waje tana ƙona duwatsu, an rataya farin zanen gado a bango, matan gidan da maƙwabtansu sun jeru a kan darduma suna ɓare 'ya'yan kankana. Can baya Ammu Bakur, yayan Sitti, tsoho mai farin gemu, yana fama da na'urar majigi da ya ɗauko haya daga Jidda. Na'ura ta fara ƙara kamar keken ɗinki, haske ya tsaga duhu, sai ga wata Baturiya a jikin zanen, ta juyo ta dube mu, ta ɗage gira ɗaya. Na ƙanƙame ƙafar kujera. Daga ranar sunanta a bakina Mai Gira, don sunanta na gaskiya harshena bai taɓa iya ɗaukarsa ba.

Yadda aka yi na shiga ɗakin kuwa, sai na koma baya. Iyayena daga ƙasar Katsina suka tako, ni a hanya aka haife ni. Baba ya rasu bayan ya sauke farali, ya bar Inna da ni, ba takardar zama, ba dangi, sai keken ɗinki na hannu. Sitti Aziza ce ta ba mu wani ɗan ɗaki a ƙasan gidanta na unguwar Misfala, Inna tana yi musu gyaran tufafi. Ni ce mai juya hannun keke, ni ce mai zura zare a allura, ni ce mai tsince allurai a ƙasa da ɗan maganaɗisu. Da sassafe in ɗebo ruwa a bazan, wato matattarar ruwan unguwa, in kori awakin maƙwabta daga shanyarmu, lokacin Hajji kuma in ɗauki faranti in sayar wa alhazai tsabar da suke watsa wa tattabarai. In aiki ya lafa mu hau soro mu yi 'yar carafke da 'ya'yan Jawa da na Yaman, kowa da harshensa, amma duk mun san wadda ta yi maguɗi.

To, sai bikin 'yar Sitti ya taso, amarya ta kafe ita rigar Mai Gira take so, wadda take saukowa da ita daga matakala a fim ɗin gidan attajiri. Akwai wata mai ɗinki Bamisriya da ta daɗe tana neman ɗakinmu da aikin gidan gaba ɗaya. Sitti ba ta ɓoye wa Inna ba, ta ce in rigar ta fito ɗaki namu ne, in ba ta fito ba dole ta kawo wadda za ta iya. Inna ta ce ta ji, amma kallo kam ba za ta yi ba. "Ban tako sahara da ƙafata don in kalli majigi a gefen Ɗakin Allah ba," in ji ta. Sai ta dube ni ta ce, "Ke alƙalami bai hau kanki ba tukuna. Je ki ki zama idona."

Haka na zama idon Inna. Sitti ba ta yarda a kawo fim ɗin kowa sai na Mai Gira, don haka duk Alhamis ina gindin kujera. Ba na jin Turancinsu, rubutun Larabcin da ke gudu a ƙasa ma ban iya karanta shi ba, amma fuska ba ta bukatar tafinta. Akwai wanda ta fito mai jinyar sojoji, wannan ban so shi ba, riga ɗaya ta saka daga farko har ƙarshe, ga kuka ya yi yawa, har Sitti ta jiƙa mayafinta. Akwai wanda ta gudu daga gida ta shiga jirgin ƙasa da akwati ɗaya, ta yi ta ja-in-ja da wani dogon mutum mai hula. Wannan ya ba mu dariya, kuma a nan na gane matar ta fi iya faɗa da shiru, don in ta ɗage girar nan namiji sai ya rasa inda zai sa hannunsa. Amma na gidan attajirin ya fi su duka. A ciki ta yi wata tafiya daga ƙofa zuwa taga bayan an kawo mata mummunan labari, kafaɗarta kawai ta sauka. Na san tafiyar nan. Na ga Inna ta yi ta ranar da aka fita da Baba.

Sai dai ga inda gizo ke saƙa. Ammu Bakur mutum ne mai kunya. Duk inda namiji ya matso kusa da mace, ko riga ta gaza rufe abin da ya kamata, sai ya ɗora tafin hannunsa a bakin na'ura, zanen ya yi duhu, sai ɗan jan haske ta tsakanin yatsunsa, mata su yi ta ihu, shi kuma yana istigfari. Rigar amarya kuwa a nan ta faɗa. Mai Gira za ta bayyana a saman matakala, a ga gashinta, a ga wuyan riga da wani ƙyalle mai sheƙi da ya zagaya kafaɗa, tana ɗaga ƙafa hannu ya sauka. Ba ya ɗagawa sai ta yafa mayafin gashi ta shiga mota. An maimaita fim ɗin, an sake maimaitawa, hannun bai makara ko sau ɗaya ba. Na bi shi har tsakar gida na roƙe shi, na ce ɗakinmu ne a kai. Ya shafa kaina, ya ba ni alewa, ya ce, "Aib, ya binti," wato abin kunya ne, yarinya. "Abin da ban yarda 'yata ta gani ba, ba zan nuna wa marainiya ba."

Na koma wajen Inna ina kuka. Na zana mata wuyan da gawayi a daɓe, na naɗa tsumma a kafaɗata na nuna mata, na ce daga nan ba ni da sauran labari, launi ma ban sani ba, don ƙasarsu komai fari ne da baƙi. Inna ta dubi zanen gawayin. Sannan ta ce, "Inda aka rufe, nan aka bar mana." Ta zaɓi alharini ruwan ƙwai. Wuyan ta yi shi yadda na zana, ba ta ƙara ba ta rage. Daga ƙirji zuwa ƙasa kuwa ta bi kanta: ta ba hannuwa faɗi irin na gida, ta tattara ƙugu, ta zauna da allura ta zuba surfani irin wanda kakarta ke yi wa rigunan angwaye a Katsina. Ni ina juya keke har hannuna ya yi kanta.

Ranar gwaji amarya ta saka ta tsaya. Sitti Aziza ta zagaya ta a hankali, tana taɓa surfanin da yatsa. Ashe ita ta taɓa ganin fim ɗin a Misira tun tana amarya, ba hannun kowa a kai. Ta ce, "Ba ita ba ce." Sitti ta ƙara da cewa, "Waccan ba a shiga da ita gaban surukai. Na rasa yadda zan faɗa wa yarinyar nan ne. Wannan kuwa za a shiga da ita ko'ina." A ɗakin nan muka zauna har na yi aure, kuma amaren Misfala da yawa da ɗinkin Inna aka kai su.

Yanzu gidan Sitti babu shi, dogon otal ne a wurin, ni kuma ina unguwar Kudai a bene tare da 'ya'yana. Kwanan baya jikata Jumana, wadda Larabci ya fi Hausa zama a bakinta, ita ce ma take rubuta mini wannan, ta sa na kwatanta mata matakalar da girar, ta lalubo fim ɗin a wayarta. Muka kalla tare. Mai Gira ta ɗaga ƙafa, na jira duhu, duhu bai zo ba. Ƙyalle ne miƙaƙƙe, ba hannu, ba baya, ba ko ɗigon ado. Jumana ta ce, "Jidda," wato kaka, "wannan ce duk rigar?" Na ce ita ce. Matar dai har yau ta iya tafiyarta, Allah ya ba ta wannan, kuma na gode mata. Amma yaran yanzu da ake nuna musu komai, ban san me aka bar musu su ɗinka ba. Allah ya jiƙan Inna da Sitti, ya jiƙan tsohon nan mai kunya. A inuwar tafin hannunsa muka ci abinci.