Dutsen Kalanda da Idon Malam Isa

Ranar da na rubuta takarda a kan Malam Isa ba za ta taɓa fita daga raina ba. A tsakiyar shekarun saba'in ne, ina shugaban sashen buga kala a wata maɗaba'a a nan Kaduna. Malam Isa shi ne mai haɗa mana tawada. Ya girme ni nesa, shi ne ma ya koya mini aikin.

Wani Alhaji mai motocin zuwa Agadas ya kawo aikin kalanda, da hoton wani dutse da ke tsaye shi kaɗai a tsakiyar hamada. A lokacin, takarda sau huɗu take bi ta cikin inji: rawaya, ja, shuɗi, baƙi. Mai aiki kan ba da fim da za a buga, wato hoto a kan 'yar leda da ake dubawa a haske, wani lokaci da ɗan hoton da za a gwada kala da shi. Alhaji ya bar duka biyun ya yi tafiya.

Da samfur ya fito, dutsen ja wur kamar garwashi. A ɗan hoton kuwa fari-fari ne, kalar ƙasa. Manaja ya kira mu.

"Ranka ya daɗe, abin da ke cikin fim na bi," in ji Malam Isa.

Manaja ya juyo gare ni ya ce, "Kai Sule, idonsa lafiya kuwa?"

Ban ɗauki fim ɗin na duba ba. Na rubuta cewa ganinsa ya yi rauni. Kafin wata ya ƙare an yi masa ritaya. Mu kuma muka sake buga dutsen fari-fari.

Da Alhaji ya dawo ya ga kalanda, sai ya ce, "Wa ya kashe mini dutse?" Na nuna masa samfurin farko. Ya riƙe shi ya daɗe.

"Wannan shi ne. Da hantsi ruwan zuma yake, da tsakar rana ya koɗe kamar ɗan hoton nan. In rana za ta faɗi sai ya kama kamar an hura wuta a cikinsa. A nan direbobina suke sallar magariba."

Bayan la'asar na hau keke zuwa Badarawa. Na tarar da Malam Isa a zaure, ya rame. Na faɗa masa komai, na nemi gafara.

"Ai na je asibiti, Sule. Sun ce idona ƙalau."

"Baba, me ya hana ka zo ka faɗa?"

"In faɗa wa wa? Kai na koya wa duba fim."

Ya ce ya yafe. Manaja ya yarda a mayar da shi, amma takardar ba ta fito ba sai bayan mun kai shi makwancinsa.

Ku da kuke tasowa, in ma'aikaci ya ce abin da ke gabansa ya bi, ku tashi daga kujera ku je ku duba. Kalanda ana sake bugawa. Mutum in an sallame shi, ya tafi ke nan.