Injina da Injin Mutumin Kaele

Ni na fara haɗa injin sassaƙa mai aiki da kwamfuta a layinmu na Rumde Ajiya, kuma na daɗe ina son mutane su riƙa tunawa da hakan. Kafinta ne ni, ɗan kafinta, amma tun ina lise teknik, makarantar koyon sana'a, hankalina ya fi tafiya wajen waya da wuta. Kakanmu fatauci ya kawo shi Garwa daga Kano, zuriyarsa ta watsu cikin sana'o'i. Yayana ya zama ɗan kwangilar gine-gine, ni kuwa na gaji rumfar Baba.

Injin ba wani abin kallo ba ne. Teburin ƙarfe ne da na sa aka yi min waldarsa, sai wata gada da ke tafiya a kansa ɗauke da abin yankan katako. Masu tura gadar gaba da baya, hagu da dama, sama da ƙasa, ƙananan injinan lantarki ne guda uku, mu a nan moter muke ce musu. Nawa daga cikin matattun injinan fotokofi na ciro su. Irin wannan moter ba ya juyawa sakaka kamar na fanka. Taku-taku yake yi, kwamfuta na gaya masa taku nawa zai yi. Tsakaninsa da kwamfutar akwai allo mai ɗauke da abin da ake kira direba, shi ke ba moter wuta daidai gwargwado. Ƙofa ɗaya mai zanen fure takan ci min yini biyu. Ban damu ba. Mutane na tsayawa bakin rumfa suna kallon katako na sassaƙa kansa, ni kuma ina zaune a gefe da kofin shayi kamar ba ni na yi ba.

A cikin masu tsayawar nan ne na fara ganin mutumin Kaele. Dogo ne, baƙi, mai sanyin magana. Makaniken injinan gurzar auduga ne a can garinsu kafin aikin ya ƙare ya dawo Garwa da iyalinsa. Ba ya jin Hausa sosai, don haka da Fulatanci da Faransanci muke magana. Ya zo sau uku yana kallo kawai. A na huɗu ya kira ni Gran, wato babba da Faransanci, ya ce, "Gran, za ka yarda in auna injin?"

Na yarda da murna. Na buɗe masa akwatin wuta, na nuna masa kowace waya, na ba shi har lambar mutumin da ke kawo min kaya. Daɗi nake ji. Wanda ya san inji ne yake tambayata, ba ɗan kallo ba.

Wata takwas ban sake ganinsa ba. Labarinsa daga bakin Yaya na ji, wata Juma'a bayan an sauko masallaci, muna cin abinci a gidansa.

"Ka ga injin mutumin nan na unguwar Jambutu?" in ji Yaya. "Da safe na kai masa ƙofa, kafin la'asar na aika aka ɗauko."

"Wane mutum?"

"Ɗalibinka mana. Shi da bakinsa ya ce kai ne malaminsa."

Lomar da ke hannuna na mayar cikin kwano. Ban san Yaya ya fara kai ƙofofinsa wani wuri ba. Na ce ai sauri ba shi ne aiki ba, inji mai gudu ƙona katako yake yi. Yaya ya ce shi dai bai ga ƙuna ba, ya ci gaba da cin abincinsa.

Kwana biyu na daure, a na uku na hau mashin na nufi Jambutu, wai zan ari ƙaramin baki na yanka, alhali ina da irinsa uku a aljihun tebur. Tun daga bakin layi na ji ƙarar. Nawa injin gurnani yake yi kamar tsohon da ake tasa daga barci. Wannan wani siririn fito yake yi, gadar tana sheƙawa daga wannan ƙarshe zuwa wancan, garin katako na tashi. Tebur ɗin kuwa nawa ne sak. Tsawonsa, faɗinsa, har inda na sa maƙalar wayoyi.

Mutumin Kaele ya taso da gudu ya riƙe hannuna da hannu biyu. Akwai mutane kusan biyar a wurin, ya juya ya ce musu, "Ga wanda ya koya min." Suka dube ni, suka gyaɗa kai cikin ladabi, suka mayar da ido kan injin. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Bai ɓoye min komai ba. Ya buɗe akwatinsa ya ce moter ɗinsa matsakaita ne, ba su fi nawa da yawa ba. Abin da ya canja shi ne sauran. Ya raba kowane moter da direbansa, sababbi, ya ɗaga wutar daga bolt ashirin da huɗu zuwa arba'in da takwas. A dogon gefen tebur ya cire ƙarfe mai zare irin nawa, wanda sai ya yi juyi da yawa kafin gada ta matsa, ya sa bel mai haƙora. Ya kuma sayi wani ƙaramin kati da ke ƙirga takun da kansa, ba sai tsohuwar kwamfuta ta yi ta nishi ba.

"Gran, naka ma haka za ka yi," ya ce. "Kada ka taɓa moter tukuna. Fara da direba da wuta. Idan ka sa manya a kan ƙaramar wuta, ƙarfi za ka samu a tafiyar hankali, amma da ka ce su yi gudu za su shaƙe."

Na ce to, na gode. Amma kunnena ba ya wurin. Idona na kan takardar da ke manne jikin moter ɗinsa, ina haddace lambobin. A raina kuwa cewa nake, wato yanzu shi ne zai gaya min abin da zan sa a injin da ni na ƙirƙira. Har na ɗarsa cewa da gangan yake hana ni manya, don kada in wuce shi.

Lokacin hanyar arewa ta lalace saboda rikici, kayan Kano sai sun zagayo ta Yola, a daɗe ana jira. Na je wurin Alhajin da ke kawo min kaya, na rubuta masa lambobin mutumin Kaele a takarda, na ce, "Alhaji, waɗanda suka fi waɗannan girma nake so. Mafi girman da za a samu, guda uku."

"Da direbobinsu?"

"A'a, ina da allo."

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. "Masu sayarwa kan haɗa su tare fa."

"Don su ci riba ne," na ce.

Sai da na sayar da mashin ɗina kafin na iya sayensu. Matata ta tambaye ni ko aiki ne ya yi yawa har injin ya kasa. Na ce zai yi yawa. Ta ci gaba da tankaɗe. A makonnin da nake jira na aikata abin da har yau nake jin kunyarsa. Duk wanda ya ambaci injin Jambutu a rumfata sai na ce, "Ku dai bari damina ta zo, bel ɗin nan zai saki." Ko in ce, "Ai kwafa ce, bai san dalilin komai ba." Na san ƙarya nake yi. Ya fi ni sanin dalili.

Ranar da moter ɗin suka iso, da ƙyar na ɗaga kwali ɗaya. Kowanne ya kai girman babbar butar shayi, baƙi wuluk, sanyi ƙalau. Na ajiye ɗaya a kan benci a bakin rumfa yini guda, don masu wucewa su gani. Na yi sati ina sake maƙalai, don gadar ba a yi ta don ɗaukar irin wannan nauyi ba. Da na kunna a hankali, sai ga ƙarfi: na sa kafaɗa na tokare gadar, ta ture ni. Na yi dariya ni kaɗai. Na ƙara gudu kaɗan, suka bi. Na ƙara, sai suka yi wata irin ƙara mai tsinka zuciya, gadar ta tsaya cak, moter na rawa a wuri ɗaya. Gudun da suka shaƙe a kansa ko na tsofaffin nawa na fotokofi bai kai ba.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa na rage kaɗan daga inda suke shaƙewa, na ce ya isa, na aika wa Yaya cewa injina ya tashi.

Yaya na gina wa wani attajiri gida a lokacin, kuma akwai babbar ƙofar zaure ta maɗaci, katako mai kauri da aka daɗe ana busarwa. Da kansa ya kawo ta a bayan mota. "Don kai ƙanena ne," ya ce. "Guda ɗaya ce, babu wata."

Watan zafi ne, irin zafin Garwa da ko ƙarfen ƙofa ba ka iya taɓawa da rana. Na fara da hantsi. Rabin farko ya fita tsaf, ganye da reshe suna bin juna. Wajen azahar na shiga alwala, ina fitowa na ji sautin ya ɗan sauya na ƙiftawar ido, sannan ya koma daidai. Moter ɗin ya tsallake taku. Irin wannan moter ba ya gaya wa kowa ya yi tuntuɓe, kwamfuta kuma ba ta sani ba, ta ci gaba da ba da umarni kamar komai lafiya. Kafin in kai hannu kan makunni, bakin yankan ya bi ta tsakiyar furen da ya gama, ya tsaga shi, ya fara sabon zane yatsa biyu gefe da inda ya kamata. Ina tsaye ina kallon ɓarnar sai na ji ƙauri. Tsohon allona ne, wanda na ɗora wa abin da ya fi ƙarfinsa, yake hayaƙi.

Yaya bai yi faɗa ba. Ya shafa tsagar da ɗan yatsa, ya ce, "Me ya kai ka?" Ya sa aka mayar da ƙofar mota. Ban tambayi inda za a kai ta ba, na sani.

Washegari da safe mutumin Kaele ya zo, da jaka a kafaɗa. Ya ce ya fere fuskar ƙofar gaba ɗaya, da yake katakon na da kauri, ya sake zanen, ta fita. Ya faɗi haka a hankali, yana kallon ƙasa, kamar shi ya yi laifin. Sannan ya tsuguna gaban moter ɗina, ya karanta takardarsu, ya yi ɗan fito.

"Waɗannan dokin kaya ne, Gran, ba na tsere ba. Suna son wuta mai yawa da direba manya. Ga nauyi kuma, gadarka ba za ta iya juyi da su ba."

"Na sani," na ce. Ban sani ba sai jiya.

Ya buɗe jakar. Matsakaitan moter uku ne da direba uku, waɗanda ya tanada don inji na biyu da yake shirin haɗawa. Ya ce mu yi musaya, ya ɗauki manyan, yana da abin da zai gwada da su. Na so in ƙi. Na duba rumfar, ba inji, ba mashin, ga aikin mutane jingine da bango. Na karɓa.

Kwana huɗu yana zuwa muna aiki tare. Muka sa sabuwar wuta, muka ja bel, ya liƙa ƙaramar fanka a akwatin saboda zafi. Katin ƙirga taku sai daga baya na samu. Hannunsa na da tsabta a aiki, kowace waya sai ya sa mata alama. Ina miƙa masa sufana a rumfar ubana. Sau ɗaya na kusa gaya masa maganganun da na yi a kansa. Na buɗe baki, sai na ce ya miƙo min filaya.

Injina ya tashi, ƙofa ta koma yini ɗaya, wani lokaci ƙasa da haka. Yaya ya dawo da rabin aikinsa wurina. Na zaci abin da ke raina zai kwanta.

Bayan 'yan watanni sai garin ya ɗauka da zancen ginshiƙai. Mutumin Kaele ya ɗaura ɗaya daga manyan moter ɗin nan a gefen teburinsa, ya sa shi yana juya gungumen katako a hankali yayin da bakin yanka ke bi ta sama. Aikin da ke son ƙarfi ba gudu ba, daidai abin da aka yi su dominsa. Sai ga ginshiƙan baranda masu murɗaɗɗen zane kamar igiya, abin da ba a taɓa yi a Garwa da inji ba. Ni da na kwana da moter ɗin wata guda a rumfata, ko sau ɗaya tunanin bai zo min ba.

Na je na ga na farkon da aka kafa, guda huɗu, a wani sabon gida a Jambutu. Mutane sun taru a bakin titi suna nunawa. Wani dattijo da ban sani ba ya ce min, "Malam, ka ga aiki? Wai wani mutumin Kaele ne."

"Moter ɗin da ya yi su da shi nawa ne," na ce. "Ni na yi odarsa daga Kano."

Dattijon ya dube ni, bai gane abin da nake nufi ba. Ya ce, "To, madalla," ya matsa gaba don ya ga ginshiƙin da kyau. Na ɗan ƙara tsayawa, ina neman inda bakin yankan ya kauce ko da kaɗan ne. Na zagaya duka huɗun ban samu ba, na tari ɗan mashin na koma rumfa.