Ranar da Baban Ladi ya sa ni taka ruwa

Shekara tara ke nan da rasuwar maigidana Bitrus, Baban Ladi. Jikata ce ke rubutawa, ni ina faɗa.

Ya yi aikin reluwe a Fatakwal, ya dawo Kafanchan da wata magana da ya ɗauko wurin masunta: wai ruwan teku ma ba zafinsa ɗaya ba. Inda iska ta kwanta, samansa ya ɗume, taku kaɗan gaba ya yi sanyi. Ni dai na ce yaren masu jirgi ne.

Da ya yi ritaya sai ya haƙa tafkin kifi a bayan gida, iyaka da gonar maƙwabcinmu Malam Iliya. Daminar da ta biyo bayan rikicin garin nan, lokacin da kowa ke kallon hannun kowa, aka yi kwanaki ana zafi ba iska, sai ruwa mai sanyi ya sauko. Da safe kifi sun juya ciki sama. Ni kuwa na ga Malam Iliya a bakin tafkin kwana ɗaya kafin nan. Na ce guba ce.

Baban Ladi ya ja ni cikin ruwan, zani a hannu. "Taka nan. To, matsa gindin mangwaro. Ɗaya ne?" Ba ɗaya ba ne. Ya ce ruwan sama ne ya sanyaya ruwan tafkin na bisa ya nutse, ruɓaɓɓen na ƙasa ya taso ya shaƙe kifin. Na ce, "Kai dai kowa mutumin kirki ne a wurinka." Daga ranar na daina amsa gaisuwar Malam Iliya. Har ranar jana'izar Baban Ladi da ya zo ya tsuguna, kai kawai na ɗaga.

Da Baban Ladi zai leƙo yau ya ga katangun da kowa ya ja, ban san me zai ce ba. Ni kaina in na hango mutum kusa da tafkin, sai tsintsiya ta tsaya a hannuna.

Bana kifin suka sake mutuwa bayan irin wancan ruwan. Na fara lissafa mutane, sai na tuna Malam Iliya wata uku yana kwance, ko ƙofa ba ya kaiwa. Kwana biyu ina neman wanda zan ɗora wa, ban samu ba.

Ran Lahadi daga coci na wuce gidansa, na yi sallama. Can ya ce, "Maman Ladi? Ashe muryarki tana nan. A kawo mata kujera."