Darar da na haɗa wa Baba a waya

"Kai, darar nan taka ɓarauniya ce!" in ji Baba, ya turo mini wayar.

Da gaskiyarsa. Duk ɗan da ya kai gurbin ƙarshe na layi sai ya ɓace ɓat.

Tunda ciwon ƙafa ya kwantar da shi a gida nan Ƙanƙara, ya daina fita wajen abokan dararsa. Ni kuma ban daɗe da fara koyon rubuta manhaja ba, sai na ce bari in haɗa masa dara a waya. Na duba abin da na rubuta har idona ya yi ja, ban ga kuskuren ba. Saura kaɗan in goge komai.

Sai na tura wa Malama Hadiza, wadda ke koya mana ta waya daga Faskari. Tana tsakar girki ta kira ni.

"Daga nawa ka fara ƙirga gurabun?"

"Daga ɗaya mana, Malama."

Ta yi dariya. "Ita kwamfuta daga sifili take farawa. Kar ka goge komai, aikinka ya yi kyau. Wuri ɗaya za ka gyara, kuma da hannunka."

Ba ta kashe wayar ba sai da na gano wurin.

Bayan la'asar Baba ya lallasa ni a darar, ya aika a kira masa Alhaji maƙwabcinmu, wai shi ma ya zo ya sha kashi. Rabon da in ji yana ƙyaƙyata dariya haka tun kafin ciwon.

Allah ya saka wa Malama da alheri. Ku fa, wa ya taɓa hana ku watsar da aikin da kuka kusa gamawa?