Abin da Kaka Ya Ɗauko a Akwati

Abin da na fara lura da shi a ƙofar lambun dabbobi shi ne mai gadin ba ya kallon fuskar kowa. Ƙafa yake kallo. Mai takalmi ya wuce, marar takalmi ya tsaya waje, domin a Salvador, birnin hayin teku da aka kawo kakanninmu bauta, bawa ba ya sa takalmi, kuma ba don bayi aka buɗe lambun ba. Waɗanda kawai na ga sun shiga ƙafa a ƙasa su ne maza biyu da suke ɗauke da wata mata a kujera mai labule. Su kam, mai gadi bai duba ƙafarsu ba. Na bayan ya ɗaga wa Kaka gira da zai wuce.

Ni ina sanye da takalmin makaranta. Na Kaka kuwa tun daga gida yana rataye a wuyansa da igiya. Ranar da ya karɓi takardar 'yancinsa ya saye shi, kafin a haife ni. Baƙi ne, sau-ciki, mai tsinin baki. Bai gwada ba da zai saya, wanda ya fi sheƙi kawai ya nuna. Tun daga nan yana kan ƙusa a ɗakinsa, duk Juma'a ya sauke ya shafa masa kitse ya mayar. In zai je wuri mai muhimmanci sai ya rataya shi a wuya, kamar yadda tsofaffin 'yantattu da yawa suke yi, kowa ya gani ya san matsayinsa.

"A ƙafa, tsoho," in ji mai gadi da Fotugis.

Kaka ya zauna a kan wani dutse. Ƙafarsa ta yi shekaru tana hawan tudu da kaya daga bakin jiragen ruwa na unguwar Comércio zuwa birnin sama, ta baje, yatsun kowane ya kama gabansa. Ya tura, ya danna, ya ja da hannu biyu. Ta dama ta shiga. Ta hagu sai da ya tsuke baki. Muka wuce.

Inna ta ɗauka don ni muka zo, saboda malamarmu ta ce ya kamata mu san dabbobin ƙasarmu. Ba don ni ba ne. Watanni kafin nan Kaka da abokan dakonsa biyar sun ɗauko wani akwati rufe da buhuna daga jirgin da ya zo daga kudu. Suka rataya shi a gora biyu, suka hau tudu da waƙa. Abin da ke ciki yana numfashi, yana komawa gefe guda duk sanda suka canza kafaɗa. A ƙofar bayan lambun aka karɓa aka sallame su. Sai ɗayansu, wani Bayarabe, irin waɗanda a nan ake ce wa Nago, ya ce shi ya leƙa ta wata kafa ya ga hanci, alade ne. Tun daga ranar ba a kiran Kaka a mazaunin 'yan dako sai Malam mai alade. A can yana taya su dariya. A gida kuwa ya daina sa rigar da ya yi aikin da ita, kuma shi da yake jan tsofaffi uku salla a ɗakinsa, sai ya riƙa tura wani gaba. Mutumin da ya ɗaga masa gira a ƙofa shi ne Bayaraben. Ranar Lahadi kujera yake ɗauka.

Hanyar lambun tsakuwa ce fara. Mun fara da ƙananan birai masu farin gashi a kunne, ɗaya ba ya cika tafin hannu biyu. Sai manyan aku, ja da shuɗi, ɗayansu babu gashi a ƙirji. Kada yana kwance a ruwa mai kore, ganyen mangwaro ya faɗo masa a ka bai motsa ba. A kejin damisa na ga zanenta zobe-zobe ne, kowane zobe da ɗigo a tsakiya.

"Ta fi ta garinmu kaurin wuya," in ji Kaka. Bai tsaya ba.

Akwai wata dabba rataye a reshe, bayanta a ƙasa, fuskarta kamar tana murmushi. Na ƙirga har sittin kafin ta gama ɗaga hannu ɗaya.

"Wannan da a mazauninmu take da tuni an kore ta."

Mai shara ya ce abin da aka kawo daga kudu yana can ƙarshe, jikin katangar da ke kallon teku. A lokacin na riga na ji tafiyar Kaka ta canza. Ƙafar dama tana taka tsakuwa, ta hagu tana jan ta. Da muka kai wani benci ƙarƙashin bishiya ya zauna. Kitsen da ya yi shekaru yana shafawa ya kwashe farin ƙura, kuma a bakin takalmin hagu, wajen dunduniya, akwai danshin jini mai duhu. Ya sa hannu zai cire. Wani mai gadi da sanda a hammata ya rage tafiya yana kallo. Kaka ya mayar da hannunsa kan gwiwa.

"Uwata, je ki gano mini."

Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Ban taɓa tafiya ni kaɗai cikin mutane masu laima ba. Na bi gefen hanya ina kallon ƙasa har na kai katangar. An rubuta sunan dabbar, *anta*, a wani allo. Tana tsaye cikin taɓo, girmanta kamar jaki mai gajerun ƙafafu, launin toka mai duhu, bakin kunnuwanta fari. Hancinta ya zubo gaba, tana lanƙwasa shi ta kamo ganye ta kai baki. Na tsuguna na jira har ta ɗaga ƙafa daga taɓon. Na jira ta baya ma.

"Alade ne?" Kaka ya tambaya tun kafin in ƙaraso.

"Ba alade ba ne."

"Hancin fa?"

"Dogo ne, da shi take kama ganye."

"Kofato?"

"Ba rabe biyu ba ne. Yatsu huɗu a gaba, uku a baya."

Ya kalli hanyar.

"In na je na ce musu jikata ta ƙirga yatsu, dariyar sai ta fi ta da."

Ya miƙe, ya yi taku uku, ya dawo da baya ya zauna. Gumi yana bin zanen fuskarsa. Na san in ya cire takalmin nan ba zai sake shiga ba, kuma Kaka ba zai sake zuwa ƙofar nan ba.

Nesa kaɗan, a inuwar mangwaro, an ajiye kujera mai labule. Matar ta sauka tun ɗazu, ta bi ƙawayenta wajen tsuntsaye. Masu ɗaukarta suna zaune a ƙasa sun miƙe ƙafafu, mai gadin ya wuce su sau biyu bai ce komai ba. Bayaraben ya ɗaga murya.

"Malam mai alade! Ka zo gai da ɗan'uwanka?"

"Na zo," in ji Kaka, "ga ka nan kuwa a zaune."

Na biyun ya yi dariya har da buga cinya. Bayaraben ma ya yi, sai idonsa ya sauka kan takalmin hagu, ya daina.

A makaranta ana ce mini bebiya saboda rashin magana. Ban taɓa yi wa namijin da ba na gidanmu ba magana. Na ƙirga taku goma sha ɗaya daga bencin zuwa inuwar. Da na isa na durƙusa, na ga Bayaraben ya riga ya jawo tsumman da yake ɗorawa a kafaɗa yana ninkewa. Na kalli tsumman, ban kalli fuskarsa ba.

"Baba," na ce, "tunda ku kuka ce alade ne, don Allah ku ɗauki Kaka a kujerar nan ku kai shi katanga. Ya gani, ku ma ku gani."