Haƙurin da Ya Kusa Kai Alhaji Kabiru Kurkuku

Har yau ban manta da safiyar da na yi tafinta a shari'ar Alhaji Kabiru ba, a wata ƙaramar kotu a Guangzhou. Bazarar 2008 ce, ana shirin Olamfik, an tsananta wa baƙi. Ƙaramin laifi sai ya kai mutum kurkuku, daga nan a kore shi gida.

Alhaji mutumin Kano ne, yana sarin jakunkuna a Shiling. Sun ja wata jaka da mai shago, mai shagon ya faɗi ya karye a hannu, ya ce Alhaji ne ya ture shi.

Mutum uku ke zaman shari'ar. A tsakiya alƙali mai albashi, gefensa mutum biyu daga jama'ar gari masu taya shi, kuma da ra'ayinsu ake yanke hukunci. Ɗaya tsohuwa ce da ta daɗe tana sasanta maƙwabta kyauta a unguwar Dengfeng.

Alƙali ya ce Alhaji ya yi bayani. Bawan Allah ya sunkuyar da kai kamar a gaban dattawan kasuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ne da laifi. A yi haƙuri."

A gida haka ake kashe rigima ko kai ne da gaskiya. A nan kuwa amsa laifi ne. Tafinta ba ya ƙari, ba ya ragi. Na fassara yadda ya faɗa.

Sai tsohuwar ta nemi izini, alƙali ya ba ta. Ta ce, "Ina da maƙwabta irinsa. Ka taka su, su ba ka haƙuri. Tambaye shi, hannunsa ya taɓa mutumin?"

Na tambaya. Alhaji ya ce, "Wallahi ban taɓa laoban ba, wato mai shagon. Jakar na saki, ya yi baya."

"To me ya sa ka ce kai ne da laifi?"

"Ai ya girme ni, ga shi ya ji ciwo."

Alƙali ya sa aka sake kiran shaidu, suka tabbatar. Aka sallami Alhaji.

Ranar na gane amfanin kujerun gefen nan: alƙali ya san doka, su kuma sun san mutane. Tun daga lokacin, duk ɗan'uwan da zai shiga kotu sai na ja shi gefe na ce, "Alhaji, ajiye haƙurin nan a ƙofa. Faɗi abin da ya faru kawai."