Namadi Mai Gyaran Inji da Maganin da Bai Iso Ba

Yayana Namadi ya girme ni da shekara tara. A Fakku aka haife mu, cikin ƙasar Kebbe. Ni aka kai boko, na ƙare a ofishin gona a Tambuwal, shi kuwa ya tsaya a fadama da shinkafa da albasa, bai taɓa yin mako guda a wajen garinmu ba sai da ciwo ya fitar da shi.

Muna yara, duk yaron da ke wanka a gulbi sai ya yi fitsarin jini. Tsargiya ce, amma ba a ɗauke ta ciwo ba. Manya cewa suke yi alamar yaro ya fara zama namiji ce. Namadi ya yi shekaru da ita, ta lafa da kanta, kowa ya manta.

Da injinan ban ruwa suka shigo fadama, sai ya zama mai gyaransu, ba tare da wani ya koya masa ba. Da kunne yake aiki. Za a tayar da inji, ya tsuguna gefe ya karkata kai, can sai ya ce, "Kashe shi. Filogin lafiyarshi lau, ringi na." A kwance injin a ga haka ne. Har daga Sanyinna ake ɗauro masa inji a bayan babur. Mutum ne mai saurin fushi, ba ya son a tsaya masa a ka yana aiki, amma ba ya mayar da kowa.

'Ya'yansa bakwai da matarsa Mu'minatu. Ta huɗu, Khairiyya, a gidana ta zauna ta yi sakandare, daga nan ta wuce jami'a a Sakkwato ta karanta kimiyyar sinadarai, har ta fara digiri na biyu. Bai san me take karantawa ba. Masu kawo gyara dai yakan ce musu, "Ɗiyata magani taka koyon yi."

Yana da shekara hamsin da takwas jinin ya dawo, wannan karon da gudaji. Ya ce tsohuwar tsargiya ce, ya yi wata huɗu yana shan jiƙo, ya hana Mu'minatu ta gaya wa kowa. Ranar da fitsari ya tsaya masa cak, aka kai shi Kebbe yana nishi, aka sa masa robar fitsari, aka ce sai Sakkwato. A can, bayan hoto da gwaje-gwaje, likita ya kira ni da Khairiyya ya ce ciwon daji ne a mafitsara, kuma ya riga ya keta bangonta. Ya ce sau da yawa tsargiyar yarinta ce ke jawo shi bayan shekaru. Abin da ya rage shi ne magani ta ƙarin ruwa, duk bayan mako uku. Bai ɓoye mana ba cewa maganin yana da ƙarfi, yana iya taɓa ƙoda da kunne.

A gidana na Tambuwal yake sauka. Mu bi motar safe zuwa Sakkwato, mu dawo da shi kamar an wanke tsumma. Bayan karo na farko ya kwana uku yana amai, ko kunu ba ya zama. Khairiyya tana yi masa fifita, ya ce mata, "Wanga wane irin magani na? Ciwo yana mara, shi ko ya bi jiki duka yana ƙuna."

Don ta kwantar masa da hankali ne ta ba shi labarin aikinta. Ta ce abin da masana ke neman gyarawa ke nan. Akwai wasu bututai ƙanana da ake yi da kabon, sinadarin da ke cikin gawayi, siraran da sai an haɗa dubbai kafin su kai kaurin gashi ɗaya. Ana son a ɗura maganin a cikinsu, a toshe bakin, a manna musu wata alama da za ta sa su nufi ƙwayoyin ciwon, sai sun isa can su saki abin da ke ciki. Ta buɗe kwamfuta ta nuna masa zanen, wani abu kamar saƙar kwando da aka naɗe, da ɗigo-ɗigo a tsakiya.

Ya daɗe yana kallo. "Tiyo ke nan," in ji shi. "A kai ruwa gindin shuka, ba a malala wa gona duka ba."

"Kusan haka ne, Baba."

A ranar ya sha rabin kofin koko. Ni kaina na ji daɗi, ban yi tunanin inda maganar za ta kai ba.

Bayan karo na biyu ya fara cewa gyare na kuka a kunnensa. Bayan na uku sai an ɗaga murya yake ji. A makon ne wani manomi ya ji labarin yana Tambuwal, ya zo ƙofar gidana da inji. Na so in sallame shi, Namadi ya fito da robarsa a ƙarƙashin riga ya ce a tayar. Aka tayar. Ya tsuguna da ƙyar, ya juya kunnen dama, ya juya na hagu, ya ɗora tafin hannu a jikin injin. Maƙwabta na jin ƙarar daga cikin gidajensu. Can ya miƙe ya ce wa mutumin, "Kai shi wajen wani." Ya koma ɗaki ya kwanta ya ba ƙofa baya.

Da Khairiyya ta zo ranar Asabar, bai bari ta ajiye jaka ba.

"Ki kawo min naku," ya ce. "Wanda ke cikin tiyo. Na gaji da wanga."

Ta ce ba a kai nan ba tukuna. Bai ji ba. Ta matso ta ce a ɓeraye ake gwada shi, a ƙasashe masu nisa, kuma ba a gama sanin ko bututan su kansu suna cutar da hanta ko huhu ba. Kalmar ɓeraye kaɗai ya kama.

"To ni a gwada kaina! Mi ɓera ya fi ni? Ni nika roƙo, ba wani ya tilasta ni ba."

Ta dube ni, na sunkuyar da kai. Ita ba ta taɓa ganin bututun da ido ba. Aikinta duka lissafi ne a kwamfuta, na yadda maganin zai zauna a ciki. Kuma ba hanyar gaya masa wannan a hankali. Sai da ta kai baki kusa da kunnensa ta ɗaga murya, har matata ta jiyo daga madafa.

"Babu shi, Baba! Zane ne kawai!"

Ya kalle ta. Bai yi faɗa ba, ga shi mai faɗa. Ya ce, "Zane." Ya miƙa hannu aka ba shi carbinsa. Ita kuwa ta fita bayan ɗaki, ta daɗe ba ta dawo ba.

Ba a yi karo na huɗu ba. Gwajin jini ya nuna ƙodarsa ta raunana, likita ya ce ba za ta ɗauki ƙari ba, ya rubuta maganin rage zafi. Namadi ya ce a mayar da shi Fakku. Damina ta sauka, hanya ta lalace, muka yi wuni a tafiyar da ba ta isa haka ba, duk ramin da muka faɗa sai ya damƙe hannuna.

Wata biyu ya yi a gida. Ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ba ya shiga, ya daina cin tuwo, daga baya ya daina magana sai da ido. Mu'minatu ce ke juya shi, ke wanke shi, ba ta yarda kowa ya taya ta ba. Khairiyya tana zuwa duk mako, ta zauna bakin tabarma. Yakan riƙe hannunta, amma bai sake tambayarta karatu ba.

Ya rasu ranar Talata da hantsi. Khairiyya tana Sakkwato, domin malaminta ya kira ta kan aikin digirinta. Ruwa ya cinye wani kwalbati a hanya, sai da ta sauka ta bi ƙafa ta hau wani babur. Ta iso bayan la'asar, mun riga mun dawo daga maƙabarta. Ta tarar da uwarta tana naɗe tabarmar, ta karɓa ta ƙarasa naɗewa.

Ta yi wata biyar ba ta buɗe kwamfutar ba. Daga baya ta kammala digirin, yanzu tana koyarwa a wata makarantar 'yan mata. Na taɓa tambayarta yaushe take ganin maganin zai iso asibitocinmu. Ta ce, "Baffa, wallahi ban sani ba. Wataƙila ba a zamaninku ba." Tun daga ranar ban ƙara ɗauko mata zancen ba.